Bushiyar Farfesa Wendelich

Jiya da dare wani mafarki na yi. Na ga kaina a Jamus, amma ba wadda na yi karatu a cikinta ba, ta shekara ɗari da hamsin baya. Rana tsaka ce, ƙanƙara na tashi daga ƙasa tana komawa sama a hankali. Ban ji sanyi ba.

Sai ga ni a wani ɗaki cike da kwalabe. Kowace kwalba da dabba a cikin ruwan magani, kifi, ƙadangare, kunama, duk suna hira ƙasa-ƙasa. Mai ɗakin wani tsoho ne masanin dabbobi, Farfesa Wendelich, Hausarsa irin ta Katsinawa. Ya ce in samu wuri.

A kan teburinsa wata bushiya ce zaune tana shan shayi. Shekara arba'in ke nan yana zana ta, ƙaya bayan ƙaya, yau ya kai ta ƙarshe. Goggo yake ce mata. Ta tambaye ni mutanen gida, na ce suna gaishe ta.

Wani bunsuru ya shigo sanye da kwat, shi ne shugaban gidan adana dabbobin. Ya yaba zanen, ya ɗan gutsiri gefen takardar, sannan ya tuna wa Farfesa ƙa'ida: ba a karɓar zane sai da kwalba cike a gefensa. Kafin azahar. In babu, aikin duk ya tashi a banza.

Farfesa ya dubi wata kwalba da ba dabba a cikin ruwanta, ya dubi Goggo. Ta ajiye kofi, ta ce ba komai, za ta shiga, ai ta sha shayinsa da yawa.

"Ranka ya daɗe, ƙa'idar ta faɗi wanda zai shiga?" in ji Farfesa.

Bunsuru ya buɗe littafin ƙa'idojin, ya ce ai ya cinye wannan shafin tun bara.

Farfesa ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga. Kwalbar ba ta fi ta manja ba, amma ta ɗauke shi har gemu. Ya ce ruwan da ɗumi. Kunama ta yi masa barka da zuwa.

Goggo ta fiƙe fensir, ta miƙo mini gilashin ƙara girma, ta fara zana shi daga gashin gemu na farko.

"Ɗan nan, riƙe da kyau," ta ce. "Shi bai taɓa yi mini gaggawa ba."

Na riƙe. Muna kan gashi na goma sha bakwai injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.