Kabarin da ke Tsallaken Rafi

Orval Tackett ya zagaye maƙabartar Laurel Fork yana dogara sanda, yana sunkuyawa a kan kowane dutse har tabaransa na zamewa, amma bai ga sunan kakarsa ba.

"Baba, zauna ka huta," in ji 'yarsa Lorene.

"A nan? Sai su ɗauka tarewa na yi."

Tun da likita ya ce zuciyarsa ta gaji, Orval ba shi da zance sai na Kaka Parthena, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. A gidansu kowa ya tashi da sanin cewa 'yar ƙabilar Cherokee ce, wato 'yan asalin Amurka tun kafin zuwan Turawa, can ta gado baƙin gashi da duhun fata, kuma Orval ya tsufa yana tinƙaho da haka. Lorene ta yi wata da watanni tana bincike, har ofishin ƙabilar ta je, wata mata ta duba mata da haƙuri, ta ce ba su da labarinta. Abin da ya rage shi ne ɗan abin da Orval ke iya tunawa: ranar da ta rasu yana kwance da ƙyanda, kakansa ya ɗauki gawar shi kaɗai ya kai wannan ƙauye da ke cikin duwatsun Tennessee.

Mai yankan ciyawar maƙabartar ya kashe injinsa ya saurare su.

"Akwai wata maƙabartar a tsallaken rafi," ya ce, ya ɗan kau da kai. "Amma ta baƙaƙen fata ce."

"To, ba can ba ne," in ji Orval.

Lorene ba ta yi musu ba. Da suka shiga mota sai kawai ta nufi gada.

Ashe ranar gyaran kaburbura ce a ƙaramin cocin da ke tsallaken. An jera tebura a inuwa, ga soyayyun kaji, ga wake da burodin masara, yara na guje-guje tsakanin duwatsu. Wata tsohuwa mai malfa tana zaune a kujerar roba, tana nuna wa samari inda suka bar ciyawa. Ta ƙura wa Orval ido tun daga ƙofa.

"Kai, mai kunnuwa! Zo nan."

Ya waiwaya, babu kowa a bayansa.

"Da kai nake. Kunnuwan babana ne waɗannan. Ina ka samo su?"

Lorene ta durƙusa ta gaishe ta. "Mama, kabarin wata muke nema. Parthena Tackett."

Tsohuwar ta cire malfarta ta ɗora a cinya.

"Parthena Mabry dai. Yayar babana ce. Ni ce Odessa." Ta nuna Orval da haɓa. "Kai ne Orval ke nan. To cire hularka, yaro, gaban gwaggonka kake."

Orval, mai shekara kusan tamanin, ya cire hula.

Aka kawo masa kujera, Odessa ta ba su labari ba tare da ta sassauta murya ba. Parthena ta fi 'yan'uwanta haske. Tana budurwa ta tafi birni neman aiki a masaƙa, inda ba a ɗaukar baƙar fata. Da aka tambaye ta asalinta sai ta ce Cherokee, suka ɗauke ta. A can ta haɗu da Baturen da ta aura, kuma daga nan babu damar janye maganar, don a lokacin doka ta hana aure tsakanin farar fata da baƙar fata.

"Kakana ya sani?" in ji Orval.

"Shi ya haƙa kabarin da hannunsa, ya hana kowa taɓa shebur. Ita kuwa duk shekara a rana irin ta yau sai ta zo. Takan sauka daga bas tun a garin baya, ta ƙaraso da ƙafa don kada a gan ta. Ta tuɓe takalma a kicin ɗinmu, ta ci, ta yi dariya har da hawaye."

Orval bai taɓa jin dariyar kakarsa da ƙarfi ba. Ya tuna irin maganganun da baƙi kan yi a teburinsu game da baƙaƙen fata, ita kuwa tana zuba musu abinci ba ta cewa uffan.

"Ba ta da hira sai taka," in ji Odessa. "Wai ba ka barci sai ka riƙe mata ɗan yatsa. Ta so ta kawo ka mu gan ka, amma ta ce bakinka ba ya rufuwa, za ka kai labari makaranta."

"Har yanzu haka yake," in ji Lorene.

Orval ya daɗe yana murza bakin hularsa.

"To, Gwaggo... maganar Cherokee fa? Babu ko kaɗan?"

Odessa ta yi dariya har da tari. "Mu ma nan haka aka ce mana! Wai kakar babana. Allah kaɗai ya sani. Ni dai abin da na sani, tun ina budurwa nake share mata kabari, kuma bayana ya gaji."

Ta nuna wani ɗan dutse kusa da shinge. Orval ya tafi shi kaɗai. Lorene ta yunƙura za ta bi shi, tsohuwar ta riƙe mata hannu.

Daga nesa suka ga ya ajiye sanda, ya durƙusa da ƙyar, ya shafa rubutun da tafin hannu. Bakinsa na motsi, ba su ji abin da yake cewa ba. Can ya soma tuge ciyawa, ɗaya bayan ɗaya, har rigarsa ta jiƙe. Da ya gama ya dafa dutsen zai tashi, gwiwoyi suka ƙi.

Jikokin Odessa biyu suka ruga suka ɗaga shi, suka karkaɗe masa wando. Ƙaramin ya waiwayo ya ɗaga murya.

"Kaka, wane ne wannan Baturen?"

"Kawunku ne," in ji Odessa, tana mayar da malfarta. "Makara ya yi. Ku zuba masa abinci."