Muryar Inna Hindu a Cikin Kile

Kaltumi ce ta ɗauki muryar kakarta, Inna Hindu, a waya, wata biyu kafin Allah ya karɓi abarsa. Kwana huɗu tsohuwar tana ba da labarin yadda kakanninsu suka baro Kano da jakuna har suka yada zango a Garwa, da wanda ya haifi wane. Da waya ta cika, Kaltumi ta juye komai a kile, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, ta goge na wayar. Ita a ganinta ta yi dabara.

Bayan sadakar arba'in kowa ya ce sai ya kwafa. Wa zai hana dangi muryar uwarsu? Kile ya bi gari gida-gida, har ya hau mota zuwa Meiganga wurin Kawu Shu'aibu. To, mutanenmu ba sa mayar da kwano wayam. Wannan ya zuba wa'azi, waccan hotunan biki, Kawu kuwa ya kai shi wani shago a tasha aka ɗura masa waƙoƙi, wai tukwici.

Ran da kile ya dawo, mahaifiyar Kaltumi, wadda tun rasuwar ta kasa saurara, ta ce yau zuciyarta ta yi ƙarfi, bayan la'asar a kunna mata.

Kaltumi ta soka shi a kwamfutarta. Sunayen abubuwan da ta ɗauka suna nan reras, amma duk wanda ta danna ba ya buɗewa. Ta bi dangi a waya ɗaya bayan ɗaya. Ashe babu wanda ya saurara, kowa ajiya ya yi, kuma da suka duba, nasu ma suna ne kawai ba murya. Tsoro ya kama ta sosai.

Ta tari mai babur zuwa bakin babbar kasuwa, shagon Madam Geneviève mai gyaran kwamfuta. Matar ta ce cutar kwamfuta ce, an kwaso ta tun a gidan farko ko na biyu, kuma duk inda kile ya kwana ya bar ta. Wani lokaci cutar ɓoye kaya kawai take yi, ana iya samo su, amma tarkacen da aka yi ta zubawa na iya danne na ƙasa.

Kaltumi ta zauna a benci tana murza bakin gyalenta. Aka kira azahar, aka idar. Ta yi ta kallon agogon bango.

"Guda ɗaya na samu, ƙanwata," in ji Geneviève. "Shi ma guntu ne."

Ta danna. Sai ga tarin Inna, ga ƙarar tabarma tana gyara zama.

"Kaltumi, kin kunna abin naki? To, matso kusa, ki ji da kyau."

Daga nan shiru.

Wayar Kaltumi ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, tana tambaya ko ta kusa, ta riga ta kira ƙannenta sun zo.