Mota Ba Ta Jin Sanyi

Da sanyin hunturun Yuni ya sauko wa Maseru, babban birnin Lesotho, daga duwatsu, Mokete ya je ofishin tsara gari neman izinin shimfiɗa audugar tare sanyi a silin garejinsa. Mahaifiyarsa ce ke kwana a ciki, kwano tsirara a samanta, tari kuma ya kama ta.

Jami'in, Ntate Ramaili, wato Baba Ramaili a harshensu, yana lulluɓe da bargo kusa da hita. Ya duba zanen gidan.

"Nan gareji ne, ɗana. Mota ba ta jin sanyi."

"Mahaifiyata ce a ciki, Ntate."

"Ban ji ba. In na ji, sai na aika a fitar da ita. Doka ta hana kwana a gareji."

"Rabin unguwarmu a gareji suke kwana! Ku ma kun sani!"

"A gida muka sani, ba a ofis ba. To, wa ke ciki?"

Mokete ya amsa:

"Mota ce. Ba ta tashi da safe saboda sanyi."

"Yanzu ka yi magana! Tawa ma haka take." Ya buga hatimi. "Ka gaishe ta."