Fitowar Rabi'a a Fim ɗin Gwadabe

Da Rabi'a ta ji Gwadabe zai yi fim a kan zaman 'yan Najeriya a Jidda, ba ta jira gayyata ba. Ta same shi wajen mai shayi a Bab Makka, ta dire masa masa mai zafi a leda, ta ce lallai a saka ta.

Shi Gwadabe aikin Umara ya zo yi daga Kano da 'yar kyamararsa, aka gama Umara ya manta hanyar filin jirgi. Rabi'a ta riga shi wannan mantuwar da shekaru, tana sayar da masa a bakin titi, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili mai tsaya mata. Kuma ba son suna ya kawo ta ba. 'Yarta Mastura, da ta baro a Fagge wajen kaka tana tatata, yanzu ta zama budurwa, ba ta san uwarta ba sai a hoton fasfo, irin wanda kowa ke fitowa kamar an yi masa rasuwa. So take yarinyar ta ga fuskarta tana motsi, ko sau ɗaya.

"Hajiya, abu mai sauƙi," in ji Gwadabe. "Kina zaune gaban tirenki, sai ɗan baladiyya mai kama 'yan talla ya ɓullo. Ki ɗago ki kalli kyamara, ki nuna tsoro, sannan ki gudu. A hankali fa."

Ranar Juma'a da hantsi aka taru a wani lungu a Ammariyya. Rabi'a ta sha lalle da kwalli, abaya sabuwa fil, niƙabi a ɗage. Wanda zai fito a ɗan baladiyya shi ne Abdulghaffar, haifaffen Jidda, jikan wani alhajin Katsina. Hausarsa ɗingishi take, amma Larabcinsa ba gyara.

Ya leƙo daga kwana ya daka tsawa: "Wagif! Fen al-iƙama?" Wato tsaya, ina takardar zama.

Kafin Gwadabe ya ƙifta ido, Rabi'a ta sauke niƙabi, ta suri tire, ta ɓace. Masu fitowa a 'yan ciniki suka bi ta, har mai riƙe da makirufo. Ɗaya ma sai a unguwar Bagdadiyya aka gano shi, yana haki a bayan wani shago.

Aka tattaro kowa, aka sake. Haka aka kuma yi.

"Ya khala, wallahi ni ne, Abdulghaffar!" ya ce, kamar zai yi kuka. "Jiya ana na ci masa naki!"

"Ni na sani, ɗan nan. Ƙafafun ne ba su sani ba."

Aka gwada ya yi magana ƙasa-ƙasa, aka gwada ya zo da murmushi. A banza. Da ta ji kalmar iƙama, hannu ya kai ga niƙabi. Da aka fara kiran sallah Gwadabe ya ce halas, a tashi. Ya duba abin da ya ɗauka, ya rantse duk Kano babu ɗan wasan da zai iya wannan gudun, ya bar shi a haka.

Bayan aikin Hajji wata maƙwabciyar Rabi'a ta kai faifan Fagge. Rabi'a ta buga wa Mastura waya.

"Umma, mun kalla har sau nawa, ban gan ki ba. Wacce ce ke?"

"Wadda ta fi kowa gudu," Rabi'a ta ce tana dariya. "Mai tire. Ba ki ga har mazan na bari a baya ba?"

Ta jira yarinyar ta taya ta dariyar.

"Umma," in ji Mastura, "kullum haka kike yi?"