Jirgin da Direba Ya Haɗa

"Riƙe nan, Dillali. A hankali, ba akuyar kasuwa na ba ka ba."

Na riƙe. Siririn katako ne, kaurinsa bai fi farce ba, ya fito daga ruwan zafi yana tururi. Direba ya lanƙwasa shi a jikin haƙarƙarin ɗan jirgin ruwan katakon da yake haɗawa, ya shafa gam da tsinken ashana, ya danne da maƙalin shanya. Ya ce katako kamar mutum yake, in ka tanƙwara shi a bushe sai ya karye, in ka jiƙa shi sai ya bi ka duk inda kake so. Na ce ai da wannan ilimin na ci abinci shekara da shekaru, bambancin kawai ni da baki nake jiƙa nawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Direba. Ni na yi dillancin duk abin da ke sayuwa, gida, mota, injin niƙa, na yi yawon duniya gwargwado, kuma ban cika yarda da abin da ban taɓa da hannuna ba. Shi manyan motocin fasinja ya tuƙa, har ƙafafunsa suka kumbura suka zaunar da shi. Matarsa ta riga shi rasuwa. Ya rage daga shi sai babbar 'yarsa da ke aikin asibiti, wadda unguwa ke kira Nas, sai Auta, mai gyaran inji a jirgin ruwan dakon kaya.

Auta ne ya aiko da kwalin. Guntayen katako ne a ciki, da zare, da 'yan ƙusoshi kamar ƙwayar gero, da hoton wani jirgi irin na mutanen da, mai sanduna uku da fararen ƙyallayen da iska ke turawa. Ina zaune lokacin da ya bugo waya. Ya san ubansa ba shi da haƙuri, shi ya sa ya tsokane shi: "Baba, ka fara haɗawa. Ranar da ka gama, ranar zan shigo gida." Direba ya ce shi ba yaro ba ne da za a aiko masa da abin wasa, ya tura kwalin ƙarƙashin gado.

Ba a jima ba labari ya zo cewa Auta ya faɗa teku, an nema an rasa. Aka yi masa salla babu gawa. Direba ya karɓi gaisuwa idonsa a bushe. Da jama'a suka watse, sai ya sa na jawo masa kwalin.

Da farko kowa ya ji daɗi, an samu abin da zai ɗauke masa hankali. Kullum da hantsi nakan shiga in same shi a bakin teburin cin abinci, tabarau a kan hanci, hantsaki a hannu, daron ruwa a gefen ƙafarsa da katakai a jiƙe. Wata rana na tambaye shi gaggawar me yake yi, ko cin abinci ba ya tsayawa yi. Bai ɗago ba ya ce, "Yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Na ce masa Auta yana inda ba a dawowa. Ya ce ya sani, ai bai haukace ba. Auta bai ce zai dawo ya zauna ba. Zai shigo ne kawai, ya ɗauki wanda ya zo ɗauka.

Nas na bakin ƙofa da tiren magani. Ta ji komai.

Da yamma ta same ni a ƙofar gidana. Mace ce da ta ga mutuwa fiye da yadda na ga kasuwa, amma ta ce da ni, "Kawu, ban yarda da maganar nan ba. Shi ne ya yarda. Na sha ganin irinsu a gadon asibiti, mutum ya sa wa kansa rana, kuma ya cika ta. In jirgin nan ya ƙare, Baba ya ƙare." Ba ta da kowa sai shi. Ta ce ba za ta iya ƙona jirgin ba, don wannan ma kashe shi zai yi. Abin da take so kada aikin ya kai ƙarshe.

Ta fara ɗauke masa abubuwa in yana barcin rana. Ta ɗauke ƙaramin sitiyarin jirgin, ya sassaƙa wani da murfin kwalba da tsinken sakace. Ta ɗauke sanda ɗaya, ya fere mariƙin ludayi ya goge da sanfefa har ya fi ta kwalin kyau. Bai taɓa tambayar ta ba. Ni kawai yake kallo ta saman tabarau ya ce ɓerayen gidan nan sun yi makaranta, sun san abin da za su ɗauka.

A kwanakin nan ne ɗakin ya fara sauya wari. Ba warin gam ba, wannan na saba da shi. Wani ɗanyen wari ne, irin na bakin tashar jiragen ruwa, na san shi don na taɓa kwana biyu a irin wurin ina jiran kaya. Na tsoma yatsa a daron na ɗanɗana. Gishiri. Direba ya rantse daga famfo aka ɗebo. Nas ta ce gishirin kicin ɗinta yana raguwa, tsohon ne ke zubawa. Na zaɓi maganar Nas, don ita ta fi sauƙin ɗauka. Sai dai Direba ba ya iya kaiwa kicin sai an riƙe shi, ni kuma ban faɗa mata wannan ba, ita ma ba ta faɗa mini ba.

Akwai kuma ƙarar. Muna zaune da rana tsaka, ba wanda ya taɓa teburin, sai ka ji jirgin ya yi ƙiii, kamar tsohuwar ƙofa. Na ce katako ne ke bushewa. Direba ya ce haka ne, Dillali, komai kana da farashinsa.

Da ya gama ɗaura zarurruka, jirgin ya tsaya da sandunansa tsirara, saura ƙyallaye. Nas ta ɗauke su gaba ɗaya da ledarsu ta kai wurin aikinta. A nan ta ga ta kama shi, don katako ana sassaƙawa, yadi kuwa sai an je kasuwa. Ya aike ni, na ce masu yadi sun ce irin wannan siririn farin ya yanke. Ya aiki mai shagon kusa, ita ta riga ta bi ta can. Na ce ya yanka tsohuwar riga mana, don in ji me zai ce. Ya ce ba a sa wa sabon jirgi tsumma.

Sai ya daina magana a kan jirgin. Ya rufe shi da tawul, ya koma cin abinci, har ya nemi a kunna masa rediyo. Ya roƙi allura da zare wai zai gyara maɓallan rigunansa. Nas ta fara dariya kamar da. Ta ce mini, "Kawu, mun ci." Ni dai na lura yana sa sakata bayan azahar, abin da bai taɓa yi ba, amma na ce tsoho ma yana da sirrinsa.

Ranar da abin ya faru, Nas ta dawo daga aiki da la'asar ta tarar sakatar a buɗe. Yana zaune a kujerarsa, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa da hula, takalmansa a ƙafa, waɗanda ya daɗe ba su shige shi ba. Fuskarsa na kallon ƙofa. Jikinsa da sauran ɗumi. Ba ta yi ihu ba, ta ƙwanƙwasa katanga kawai, na gane.

Ni da liman da wani maƙwabci muka yi masa wanka. Nas ta ce kada a sayo likkafani, tun rasuwar mahaifiyarta ya sayi nasa ya ajiye a ƙasan akwati. Aka miƙo mana shi a naɗe, da ƙamshin turare. Liman ya kama gefe, na kama gefe, muka warware.

Rana ta ratso ta cikinsa ta sauka a ƙasa. An yanke shi wuri-wuri da almakashi, yanka mai tsabta, wasu masu kusurwa huɗu, manya da ƙanana, wasu masu kusurwa uku. Liman ya dube ni. Na ce asu ne, ƙwaron nan mai cin tufafi. Ya ce bai taɓa ganin asu mai aiki da ma'auni ba. Aka tura kasuwa a sayo wani, muka zauna jira.

Ban iya zama ba. Na tashi na shiga ɗakin. An ɗauke wuta tun rana, fanka a tsaye, labule a sake. Tawul ɗin yana ƙasa a ninke. Jirgin na kan tebur, kowace sanda da fararen ƙyallayenta, an kalmashe bakinsu da ƙananan ɗinki irin na mai haƙuri. Babu abin da ya rage.

Ban ji shigowar Nas ba sai da ta tsaya a kafaɗata. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Kawu, rufe tagar nan."

Na ce a rufe take.

Muka dubi jirgin. Ƙyallayen sun cika sun yi ciki, duka gefe guda, wajen ƙofa, zarurrukan sun miƙe tsaf. A waje muna jin maza suna gyara makara.