Ƙidayar Inna Furera

Nusaiba Sagir ta isa Burumburum ana tsakiyar yankan dawa. 'Yar Kiru ce, amma shekara shida ke nan tana aiki a wani ɗakin bincike a Kano, tana nazarin abin da ke samun ɗan tayi a kwanakinsa na farko. Aikin da ya kawo ta ba shi da wuya a takarda. Za ta goga auduga a cikin kumatun yaran da ba su wuce shekara uku ba, da yardar iyayensu, ta rubuta watan haihuwar kowanne, sannan ta ƙirga wata tara baya don ta gano lokacin da aka ɗauki cikinsa.

Iyaye sun yarda, watan ne ya gagara. Wasu katin rigakafinsu ya ɓata, wasu kuwa ɗaya ga Janairu aka rubuta musu gaba ɗaya. Zuwa azahar tana da yara goma sha tara, huɗu kaɗai ta san watansu.

Matar mai unguwa ta ce mata, "Je ki wurin Inna Furera ungozoma. Ita ta yanke wa yawancinsu cibi."

Ta tarar da tsohuwar a inuwar darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi abin da ke tafe da ita.

"Me za ki yi da watan haihuwar 'ya'yan mutane, 'yar nan?"

"Inna, kowa daga ƙwaya ɗaya ya fara. Rubutun da ke cikinta, wanda muke kira DNA, iri ɗaya ne a ido da hanta da ƙashi. Abin da ya bambanta su wasu ƙananan alamomi ne da ke hawa kan rubutun, su rufe wani wuri, su bar wani a buɗe. A makon farko, tun mace ba ta san tana da ciki ba, yawancin alamomin da aka gado suna gogewa, sababbi su hau. Muna son mu ga ko abin da uwa take ci a lokacin yana taɓa su. Shi ya sa muke raba cikin damina da na kaka."

Inna ta ture tiren gyaɗar gefe. "Karanto mini sunayen."

"Bushra, 'yar Laraba."

"Kwana biyu bayan babbar Sallah ta bara. Ana suya a gidan na shiga."

Nusaiba ta duba kalandar wayarta ta rubuta. Haka suka yi ta tafiya, wannan daren farko na azumi, wancan ranar da aka kafe azarar masallacin gabas.

"Ghali, na rugar Buba."

"Ranar ruwan shuka, bara waccan."

Nusaiba ta fara lanƙwasa yatsu, ta tsaya a Satumba.

"Nawa kika ƙirga?"

"Tara, Inna."

"Rage biyu. Bakwaini ne. Da ya faɗo bai fi tafin hannuna biyu ba, sai a ƙirjin uwarsa muka ɗaure shi har ya yi ƙwari."

Nusaiba ta sake ƙirgawa, ta faɗa Nuwamba. Yaron da za ta sa cikin 'yan damina ashe ɗan kaka ne. Ta daɗe tana kallon takardar da su biyar suka zauna suka tsara a ofis, babu wanda ya tuna da bakwaini. Sai ta yi dariya, ta ja sabon layi na bakwaini da biro a gefen shafin.

Kwana huɗu suka yi a kan aikin. An sami bakwaini uku. Yara bakwai kuma Inna ta ƙi cewa komai a kansu.

"A asibitin Tudun Wada aka haife su. Abin da ban gani ba kar ki rubuta da sunana."

Ranar da Nusaiba za ta tafi, tsohuwar ta rako ta har bakin zaure.

"To 'yan daminar nan, wani abu zai same su?"

"Ba mu sani ba tukuna, Inna. Wataƙila alamomin su bambanta, amma ya zama ba wata illa."

Inna ta gyaɗa kai. "Na ga dai 'yan damina sun zama kakanni, na ga na kaka ma. In kun gano, ki zo ki faɗa mini da bakinki, kar ki aiko."

"In sha Allahu ni zan zo."

"Ki gaida mutanen Kiru. Akwai wata Kande a can, tare muka koyi wannan aikin. In tana raye, ita ma ba ta mantuwa."

Nusaiba ta rubuta sunan a bayan hannunta, ta shiga mota.