Ƙasar Gindin Inji

Kullum aka sallame sallar asuba a Dareta, kafin kaji su gama saukowa daga kan danga, sai lasifikar masallacin unguwa ta yi ɗan tarinta, Malam Musbahu ya fara nasiha. Ba ya daɗewa, kuma a faɗi gaskiya Allah ya ba shi baki. Maza kan zauna su saurara, samari su ɗauka a waya su tura wa 'yan uwa a Gummi da Bukkuyum, mata kuwa daga cikin gida suke ji da tsintsiya a hannu. Maganar kusan ɗaya ce kullum, riga kawai yake sauya mata.

"Jama'a, jikin ga da muka ta wahala a kai, aro na. Ƙasa na, ƙasa za shi komawa. Rai shi aka jiye ma wuta. Wanda yat tsirar da rainai ya tsira, ko da jiki ya ruɓe."

Mutum ɗaya ce a garin take jin wannan nasiha kamar ana zuba mata barkono a ido. Ita ce Safara'u, matar marigayi Surajo, yayan shi Musbahun. Katanga ɗaya ta raba gidanta da masallacin, don haka ko ta so ko ta ƙi, muryar sai ta same ta har kan sallaya.

Ba haka kawai ta tsane shi ba. A shekarar da zinare ya haukata garin, Musbahu saurayi ne mai ji da kansa. Ya sayo injin niƙa dutse, ya rasa inda zai dasa shi sai tsakar gidan yayansa, wai kada a sace masa kaya a daji. Safara'u ta yi magana, ta ce ƙura tana shiga tuwo, tana shiga randa. Ya yi dariya ya ce, "Haba matar yaya, ƙurar arziki ta, bari ta taɓa ki." A cikin ƙurar nan ɗanta Hafizu yake wasa, a cikinta ƙanwarsa Baraka ta koyi rarrafe. Da damina ta faɗi Hafizu ya fara zazzaɓi, sai jijjiga, sai ido ya kafe. Aka kai shi makwancinsa.

Har nan, ko Safara'u ba ta ce Musbahu ya san ƙurar tana kisa ba. Ba wanda ya sani. Amma bayan Hafizu likitoci sun zo, sun ce akwai gubar dalma a cikin dutsen, a fitar da injuna daga gidaje. Musbahu ya ce to, bari ya ƙarasa ɗan buhunan da suka rage masa. Yana ƙarasawa Baraka ta bi yayanta. Kafin a share makoki ya kwance injinsa ya yi Bagega, daga can aka daina jin ɗuriyarsa. Bai tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce ki yafe ni ba.

Da aka turo masu kankare ƙasar gidaje su kwashe mai gubar su zuba sabuwa, Safara'u ta riga su. Ta je daidai gindin da injin ya zauna, inda ƙurar ta fi kauri, ta cika wata 'yar tukunya, ta rufe ta da sakaina ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Ta yi rantsuwa a ranta cewa wanda ya kawo ƙasar nan sai ya ɗanɗana ta. Surajo ya yi jinyarsa ya rasu bai san da tukunyar ba.

Shekaru suka ja, sai ga Musbahu ya dawo da gemu, da babur, da murya mai sanyi. An ce a Gummi ya zauna gaban wani malami har ya zama abin da ya zama. Ya zo gaisuwa, ya tsaya a zaure kansa a sunkuye.

"Matar yaya, mun iske ku lahiya? Ya ƙarin haƙuri?"

Ta tsaya a bayan labule tana jiran sauran maganar. Ba ta zo ba. Ya yi addu'a mai tsawo ga mamata gaba ɗaya, bai ambaci sunan ko ɗaya ba, ya shafa ya tafi. Washegari lasifika ta fara aiki.

To, ita ma Safara'u ba jahila ba ce. Ta zauna a Islamiyyar matan aure, ta san cewa haƙƙin mutum Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Saboda haka ta mayar da nasihar asuba ta zama muhawara, shi yana faɗa ta lasifika, ita tana ba shi amsa ƙasa-ƙasa tana shara. In ya ce tsira, sai ta ce, "Ta ƙohwata za ka biyowa, kuma a kulle take." In ya ce jiki ƙasa ne, sai ta ce, "Na ɗiyan wasu ko? Naka ga shi nan har da tumbi." Ta tabbata a Lahira za a tsayar mata da shi. Amma mai zafin zuciya, Lahira nisa take yi masa. Ita ba mutuwarsa take so ba. Ta ji likitoci suna cewa gubar nan ba ta cika kashe babba ba, cinye shi take yi a hankali, hannu ya riƙa rawa, tunani ya riƙa zubewa. Abin da take so ke nan. Tana so wata safiya ya buɗe baki a gaban jama'a, maganar ta gudu ta bar shi, ya gane wa kansa ko jiki ba komai ba ne.

Ana cikin haka aka kawo 'yarta Sahura daga gidan mijinta a Bukkuyum, goyon cikin fari. Sahura ita kaɗai ta rage mata, kuma ita ce 'yar fari, don haka akwai kunya a tsakaninsu irin ta mutanen da. Safara'u ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "'yar nan". Ba sa zaman hira, ba sa haɗa ido. Amma kada wani ya ɗauka babu so. In Safara'u ta samu tsokar nama ko dabino, sai ta sa a kwano ta rufe, ta ajiye inda ta san yarinyar za ta gani, ta fice kamar ba ita ba. Sahura ta ci, ta wanke kwanon ta mayar, ba wanda zai ce uffan. Haka suka saba tun tana ƙarama.

Cikin ya zo wa Sahura da kwaɗayin ƙasa, kamar yadda yake zo wa mata da yawa. Safara'u ta ga inda ake ƙwaƙular bangon bayan ɗaki da farce, ta gane, ta so ta yi magana, kunya ta riƙe mata baki. Ta ce a ranta gobe za ta sa maƙwabciya ta yi mata faɗa. Goben ba ta zo ba, don hankalinta yana wani wuri.

Ranar da Musbahu ya yi nasiha a kan yara masu rasuwa, ya ce iyayensu su yi murna, an ɗauke musu nauyin jiki tun bai ɗauki zunubi ba, ranar Safara'u ta jawo tukunyar. Ta fasa lakar, ta tankaɗe ƙasar da rariya ta zubar da tsakuwa, har ta yi laushi ta yi haske kamar gari. Ta juye a wani ɗan kwano mai murfi don ta fi sauƙin ɗiba, ta ajiye a ƙarshen jeren kwanukanta. Washegari ta dama kunu mai kyau, ta barbaɗa kaɗan a ciki, ta yafa mayafi ta kai da kanta ƙofar masallaci.

"Malam, ga sadaka. A sa mamata cikin addu'a."

Musbahu ya yi murmushi har da sunkuyar da kai. "Allah shi saka da alheri, matar yaya. Sai dai yau Alhamis, ina azumi. A ba yara su sha."

Kafin ya rufe baki yaran unguwa sun taso da gudu. Safara'u ta saki kwanon, ya kife a ƙasa, kunun ya malale. Ta ce hannun tsufa ne, ta tsaya ta tura ƙasa da ƙafa ta binne shi tas, ta kori wata akuya da ta kawo baki. Ta koma gida. Wani zai ce wannan ya isa ishara, amma wa ya gaya maka? Ita haushin azumin take ji. A ganinta ko azumin ma don ya ɓata mata shiri ya ɗauka.

Ta ƙudura sai ranar da ba ya azumi, kuma a hannunsa za ta sa, ta tsaya har ya shanye. Sai kuma ya tafi Gummi ziyarar malaminsa, ya yi zamansa ya daɗe. Lasifika ta yi shiru, Safara'u ta rasa abokin faɗa, har abinci ya daina yi mata daɗi. Abu ɗaya ya ɗan sanyaya mata rai a kwanakin, ta lura an daina ƙwaƙular bango. Ta ce alhamdu lillahi, yarinya ta yi hankali.

Ran da ya dawo, da asuba lasifika ta yi tarinta, muryar ta fito sabuwa fil. Talata ce, babu azumi. Safara'u ta ɗora ruwan kunu tana jin wani daɗi da ta manta irinsa, ta shiga ɗaki ta miƙa hannu ƙarshen jere. Kwanon ya taso ba nauyi. Ta buɗe. Ƙasar ta koma can gindi, ga sawun yatsu a jiki.

Ta fito da kwanon a hannu. Sahura tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta ta jingina da bango, ta dafe mara, fuskarta ta yi fari.

"Ke. Wa yat taɓa kwanon ga?"

Sahura ta sunkuyar da kai tana ɗan murmushin kunya. "Ni ta, Inna."

"Kinka yi mi da ita?"

"Ci nikai, kaɗan-kaɗan. Na zaci ni kinka tankaɗe ma wa, da kinka ga ina ɓata miki bango. Na ce kunya ta hana ki hwaɗi." Ta ɗan cije leɓe. "Ta hi ta bango daɗi. Sai dai cikina ka murɗa kwanan ga, kuma tun jiya ban ji shi ya motsa ba."

Ta bayan katanga Musbahu yana cewa duk abin da mutum ya tara a duniya, shi zai tarar a gabansa.

"Sahura!"

Sunan ya fito da ƙarfin da ya tashi kajin gidan. Yarinyar ta ɗago a firgice, don tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sa a bakin nan ba. Safara'u ta durƙusa ta kama fuskarta da hannu biyu, ta buɗe mata baki tana goge harshen da gefen zane kamar hakan zai fitar da abin da ya riga ya shige. Sannan ta tuna asibiti yana Anka, kuma a unguwar nan babur ɗaya ne yake kwana da mai a cikinsa.

Ta fita ba mayafi, ba takalmi, kwanon yana hannunta. Ta tsaya a ƙofar masallaci, maza cike, ta kira shi da sunansa tsirara, ba malam ba komai.

"Musbahu! Fito ka kai min ɗiya Anka. Ta ci ƙasar dalma, da ciki gare ta."

Ya ajiye abin maganar ya fito da sauri, yana laluben takalmi. "Subhanallahi! Ina tas samo ta? Ai an kwashe ta duk, tun shekarun da."

Ta miƙa masa kwanon. "Ta gindin injinka ta. Kai na aje ma ita."

Musbahu ya dubi ƙasar, ya dubi sawun yatsun, ya dubi matar yayansa. Ta ga ya tuna kunun ranar Alhamis, ta gani a idonsa. Ya buɗe baki, mutumin da garin nan bai taɓa ganin ya rasa ta cewa ba, babu abin da ya fito. Maza suna tsaye a bayansa suna jira, lasifika tana ta ƙugi ita kaɗai. Ya juya ya tayar da babur, sai da ya taka sau da yawa kafin ya tashi.

Su uku suka hau, Sahura a tsakiya. Abin da Safara'u ta yi shekaru tana roƙo, ta ga ranar da magana za ta ƙare wa Musbahu a gaban jama'a, ga shi Allah ya nuna mata, ko waiwayar sa ba ta yi ba. Ta rungume 'yarta ta baya, ta shimfiɗa tafin hannunta a kan cikin, babur yana faɗawa rami yana fita. Duk girgizar da ta ji sai ta ƙara danna hannun, ko motsi ne, sai ta gane hanya ce.